Sai Bango Ya Tsage: Gargaɗi Kan Yaran da Ke Gama Sakandare Ba Mai Nuna Musu Hanya

Na shafe shekaru ina riƙe da alli a makarantun sakandare, kuma babu ranar da take tayar mini da hankali kamar ranar da ake raba yara zuwa azuzuwan babbar sakandare. Ga yadda ake yi a makarantar da na fi daɗewa. Da safe bayan an watse daga asambili, sai a tara waɗanda suka gama aji 3 na ƙaramar sakandare a gindin darbejiya. Wani malami ya fito da takarda a hannu ya ɗaga murya: "Masu son kimiyya ku tsaya nan, 'yan at ku koma can, 'yan kasuwanci ku zagaya bayan aji." Sai ka ga yara suna satar kallon juna. Wanda abokinsa ya yi dama shi ma ya yi dama. Wanda ya ji labarin malamin Lissafi yana da bulala ya sulale ya bi ɗaya layin. In ajin kimiyya ya cika, a ƙirga na ƙarshen layi a kora su wani aji, ko suna so ko ba sa so. Kafin minti 10 an gama, an buga ƙararrawa, kowa ya kama gabansa.

A cikin wannan minti 10, yaro ɗan shekara 14 ya yanke hukuncin da zai bi shi har furfura, kuma babu wanda ya zaunar da shi ya tambaye shi abin da yake iyawa, balle ya gaya masa inda kowane layi yake kaiwa. Wannan ita ce ɓarakar da nake so in yi gargaɗi a kanta. Ta daɗe, amma a da in yaro ya rasa mai ba shi shawara a makaranta, yakan zauna ne cikin duhunsa kawai. Yau akwai masu jiransa a bakin ƙofa da cikin wayar da ke aljihunsa, kuma su ba sa gajiya da ba da shawara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin takaici, ba rashin tsari ne ya kawo mu nan ba. Tun a 1959 wasu mata 'yan mishan da ke koyarwa a Kwalejin St. Theresa ta Oke-Ado a Ibadan suka gayyato ma'aikata daga fannoni dabam-dabam domin su yi wa ɗalibai 'yan ajin ƙarshe bayanin ayyukan da ke jiransu a waje. Daga nan masana suke ƙirga farkon aikin jagoranci da ba da shawara a makarantun Najeriya. Manufar ilimi ta ƙasa da aka fitar a 1977 ta tanadi a horar da malaman shawara a tura su makarantun gaba da firamare. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a farkon shekarun 1980 an gina shi ne a kan cewa shekara 3 na ƙaramar sakandare lokacin gwaji ne: yaro ya taɓa aikin katako, ya taɓa na ƙarfe, ya leƙa noma da kasuwanci da kimiyya, malamai suna lura da shi, sannan a nuna masa inda ya fi dacewa. A takarda babu abin da aka rage.

Je ka makarantar gwamnati mafi kusa da kai ka tambayi ofishin mai ba da shawara. In ka yi sa'a za a nuna maka wata ƙofa da aka rubuta sunan ofishin a kanta da fenti, fentin ya koɗe. A tamu makarantar, da aka buɗe mini ita wata rana, karyayyun bencina na tarar da tsofaffin rajistoci da buhun siminti da ya daskare. Malamar da aka ce ita ce mai ba da shawara ta karanci fannin a jami'a, amma an ɗora mata Turanci a azuzuwa 6 saboda ƙarancin malamai. Ba ta ganin yaro sai in ya yi faɗa ko an kama shi yana tsallake katanga. Har yara suka ɗauka ofishin nan wurin hukunci ne, duk wanda aka kira can sai 'yan ajinsu su bi shi da "Allah ya kiyaye."

Ga abin da yaro bai sani ba a ranar da yake zaɓar layi. Mai son karatun likita sai ya ci kiredit a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji a jarrabawar WAEC ko NECO, sannan a jarrabawar JAMB ya rubuta Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Mai son aikin injiniya sai ya sa Lissafi a madadin Bayoloji. Mai son aikin lauya yana buƙatar Adabin Turanci, darasin da makarantu da yawa a Arewa ba su da malaminsa, wasu ma ba sa yi wa ɗalibansu rajistarsa. Yarinyar da ke burin zama nas ko ungozoma, in aka tura ta ajin at a wannan safiya, an rufe mata ƙofar makarantar koyon aikin jinya tun kafin ta san akwai ƙofar. Ba za ta gane ba sai bayan shekara 3, ranar da ta kai takardunta aka duba aka miƙo mata. Kuma wannan a yankin da mata ke ƙin zuwa asibiti saboda ba su samun mace 'yar'uwarsu da za ta duba su.

Iyaye kuma, maimakon su toshe wannan ɓaraka, sau da yawa su ke ƙara buɗa ta. Ba na mantawa da wani dattijo da ya same ni a ɗakin malamai, ɗansa na tsaye a bayansa ya sunkuyar da kai. Muka gaisa, ya gyara zama ya ce: "Malam, an ce kai ne ka ce a cire yaron nan daga kimiyya." Na ce: "Alhaji, ba cewa na yi a cire shi ba. Na duba sakamakonsa ne na shekara 3, Lissafi bai taɓa kai rabi ba, amma duk makarantar nan babu mai rubutu da iya magana kamarsa. In ya bi inda ƙarfinsa yake, zai yi nisa." Ya girgiza kai ya ce: "Malam, ni dai likita nake so ya zama. Ɗan maƙwabcina likita ne. Ku dai ku yi masa addu'a." Na dubi yaron na ce: "Kai fa, me kake so?" Bai ɗago ba ya ce: "Duk abin da Baba ya ce." Aka bar shi a kimiyya. Sau 3 ya zauna jarrabawa yana neman kiredit a Fiziks da Kemistiri. Rabona da shi, na hango shi a bakin wani shagon cajin waya tare da samari, kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Da ya gan ni sai ya juya baya.

Uban nan ba mugu ba ne, ƙaunar ɗansa ce ta kawo shi makaranta. Sai dai a kansa ayyukan duniya 3 ne: likita, lauya, injiniya. Bai taɓa jin akwai mai ɗaukar hoton ƙashi a asibiti ba, ko mai gwajin jini, ko mai gashin ƙashi, ko safiyo mai auna filaye, ko likitan dabbobi a ƙasar da ke cike da shanu, ko mai fassara a gidajen rediyon duniya da ke da sashen Hausa. Ba a taɓa gaya masa cewa hukumar da ke kula da aikin likita tana ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka ba, don haka ko yara dubu sun cancanta, guraben ba sa ƙaruwa.

Alƙaluman JAMB kaɗai sun isa su sa mai hankali ya yi shiru. A jarrabawar 2024, cikin sakamako sama da miliyan 1.8 da hukumar ta saki, kimanin miliyan 1.4 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Waɗanda suka samu 300 ko fiye ba su kai 9,000 ba. Amma ka tsaya a bakin cibiyar rajista ka tambayi yara 10 abin da suka cike, za ka ji "medisin" ya fi sau 5. Na taɓa raka 'yar ƙanwata irin wannan cibiya. Layi har titi, rana ta take, kowa riƙe da lambarsa ta NIN. Da aka zo kan wata yarinya da ke gabanmu, matashin da ke kan kwamfuta ya ce: "Wane kwas?" Ta yi shiru tana murza bakin hijabi. Ya ce: "Yi sauri mana, mutane na jira." Ta ce: "Ka sa mini mai kyau." Ya danna wani abu, ya ce ta sa yatsa, aka kira na gaba. Makomar yarinyar nan a hannun wanda bai san ko sunanta ba ta fito, kuma ba laifinsa ba ne, aikinsa cike fom ne.

Mafi yawan waɗannan yara ba za su samu gurbi a shekarar farko ba, wasu har ta uku. Su dawo gida su zauna. Ba karatu, ba sana'a, ga waya a hannu, ga ƙarfin ƙuruciya, ga kunyar roƙon kuɗin sabulu a wurin uwa. A nan ne sababbin malaman shawara suke karɓar aikin da makaranta ta yar.

Na farkonsu shi ne mai nuna kuɗi a TikTok da Facebook. Yana zaune cikin mota yana kaɗa makulli, yana cewa boko ɓata lokaci ne, ga masu digiri can suna tuƙa adaidaita sahu. Yaron da bai taɓa jin wani babba ya yi masa bayanin aiki ba sai ya ɗauki wannan a matsayin gaskiya tsantsa. Kowa ya ga abin da ya faru a 2024 lokacin guguwar mainin. Samari da 'yan mata, har da magidanta, suka kwana suna dangwalar fuskar waya a wasan Hamster Kombat da ire-irensa a manhajar Telegram, da fatan ranar fashewa, wato ranar rabon kuɗin wasan, za su wayi gari da miliyoyi. Na ga ɗalibai suna yi a ƙarƙashin tebur ana tsakiyar darasi. Da ranar ta zo a ƙarshen Satumba, da yawa abin da suka samu bai biya kuɗin datar da suka ƙona ba. Hasarar kuɗin ƙarama ce in aka gwada ta da abin da watannin nan suka dasa a zukatan yara, wato cewa arziki abu ne da ke faɗowa daga waya ba tare da an iya komai ba. Wanda ya sha wannan karatu shi ne abincin masu damfara. MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, CBEX ta yi haka a Afrilun 2025, kuma wata tana nan tafe da sabon suna.

Daga nan sai caca. Shagunan cacar ƙwallo sun shigo unguwanni har sai da Hisbar Kano ta bi su tana rufewa a 2024, amma ko an rufe shago, cacar tana cikin waya. Yaro ya fara da naira 100 na kuɗin tara, ya ci sau ɗaya, shi ke nan an kama shi. Sai kuɗin makaranta, sai wayar ƙanwarsa, sai akuyar uwarsa. Mataki na gaba shi ne damfara ta intanet, wadda a da muke cewa ta wasu ce can nesa. Yanzu hukumar EFCC tana kama samari a kan wannan laifi a biranen Arewa ma, cikinsu har da ɗalibai. Yaron da ya iya kwamfuta har ya iya yaudarar wani a wata ƙasa, da an same shi da wuri an nuna masa hanyar rubuta manhaja ko tsaron intanet, da yanzu abin alfahari ne ga gidansu.

Akwai kuma masu sayar da gajeriyar hanya ga waɗanda har yanzu suke son takarda. Cibiyoyin da ake kira na mu'ujiza, inda ake biyan kuɗi a rubuta wa yaro amsa a allo, sun fitar da yara masu kiredit 9 da ba za su iya rubuta takardar neman aiki ba. Irin wannan yaro ya shiga jami'a, shekara ɗaya a kore shi. Ga makarantun koyon aikin lafiya da ke tsirowa a gidajen haya, da farin kaya da allo mai ƙyalli a bakin titi, amma hukumomin da ke ba da lasisin aiki ba su san da su ba. Uba ya sayar da gona ya biya wa 'yarsa shekara 3, ta fito da takardar da babu asibitin da zai karɓa. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samu digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako 6 ba tare da ya shiga aji ba, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo a Janairun 2024. Yara nawa ne iyayensu suka kashe dukiya a kan irin wannan takarda saboda babu wanda ya ce musu su fara bincika ko an amince da makarantar?

Kakanninmu ba su san ofishin shawara ba, amma ba su bar yaro ya tashi a makance ba. Ɗan maƙeri yana zuga tun yana ƙarami, ɗan marini a Ƙofar Mata ya san baba da toka kafin ya balaga, ɗan fatake yana bin ayari yana koyon ciniki da lissafi. In aka ga hannun yaro bai faɗa a sana'ar gidansu ba, sai a kai shi wurin wani a ce ga amana. Da boko ya zo muka saki wannan, muka miƙa yara ga makaranta da tunanin ita za ta yi komai, ita kuma makarantar ta koma gidan shirya jarrabawa kawai. Har muka kai ga raina aikin hannu. Yaron da aka ce ya tafi kwalejin fasaha ya rubuta jarrabawar NABTEB, ko ya nemi foliteknik, sai a ɗauka ya gaza ne. Alhali ka shiga Panteka a Kaduna ko Farm Centre a Kano ka ga matasan da ke riƙe da gidaje da aikin ƙira da gyaran waya. Mai haɗa sola da mai gyaran famfon burtsatse da ƙwararren mai walda ba sa zaman jiran aiki, aiki ne ke jiransu. Abin da ya rage musu shi ne ilimin da zai ɗaga sana'ar, kuma shi ne abin da makaranta za ta ba su da ta san darajarsu.

Mun kuma ga amfanin zaɓe da lura a nan gida. A 1977 jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Ba da ɗaga hannu ake shiga ba, sai an yi wa yaro jarrabawa an tabbatar kansa yana ɗaukar kimiyya, sannan a ba shi malamai da ɗakin gwaji. Ɗimbin likitoci da injiniyoyin da Kano da Jigawa ke tinƙaho da su a yau daga can suka fito. Abin da aka yi a can shi ne duban yaro kafin a ɗora shi a kan hanya, kuma ba ya buƙatar wani abin al'ajabi.

Don haka ina kira ga iyaye da babbar murya. Kada ka bari ɗanka ko 'yarka su shiga aji 1 na babbar sakandare ba ka je makarantar da ƙafarka ba. Ka nemi sakamakonsa na shekara 3 ka duba, ka zauna da malamin ajinsa, ka tambayi yaron kansa a lokacin da ba ya jin tsoronka. In ba ka yi boko ba, a unguwarku akwai nas ko malamin jami'a ko ma'aikacin banki da zai ba ka minti 30 in ka yi masa sallama. Kafin ka biya ko kwabo a wata makaranta, ka tabbatar hukumar NUC ko NBTE ko ta ma'aikatan jinya ta amince da ita da kuma kwas ɗin. Burin da ka kasa cikawa a ƙuruciyarka, kada ka ɗora wa yaro shi ya ɗauka. Kuma a kowane dogon hutu ka kai shi wurin mai sana'a, ko da shi ne na ɗaya a ajinsu.

'Yan'uwana malamai da shugabannin makarantu, kada mu fake da cewa gwamnati ba ta turo ƙwararre ba. A fitar da bencinan nan daga ofis, a rage wa malamar shawara darussa, a ware mata lokaci a jadawali. Kundin JAMB da ke bayanin darussan da kowane kwas yake buƙata yana nan a intanet kyauta, a buga shi a liƙa a allon sanarwa tun yara suna aji 3 na ƙaramar sakandare. Sau ɗaya a zango a gayyato tsofaffin ɗalibai, da likita da tela da ɗan jarida da mai kiwon kaji, su gaya wa yara yadda ranar aikinsu take, da wahalarta da samunta. Abin da matan Ibadan suka yi ke nan a 1959, kuma bai fi ƙarfin kowace makaranta ba. Ma'aikatun ilimi na jihohi su ma su sani, makarantar da ba ta da mai ba da shawara aikinta bai cika ba, ko da an yi mata sabon fenti.

Ku kuma 'ya'yana ɗalibai, ku riƙe wannan. Wanda ya ce zai nuna muku hanyar kuɗi ba tare da kun iya komai ba, ku ne kuɗin da yake nema. Ku tambaya tun kafin ranar rabon aji, ku sake tambaya kafin ranar rajista, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kada kunya ta hana ka cewa Lissafi ya fi ƙarfinka, kada kuma tsoron bulala ya raba ki da kimiyya in kina iyawa.

Zangon karatu mai zuwa za a sake tara wasu yaran a gindin darbejiya, a makarantarmu da dubban irinta. A cikinsu akwai ɗanka ko ƙanwarka ko jikan maƙwabcinka. In babu babban da ya zauna da shi kafin wannan safiya, zai bi layin abokinsa, kuma bayan shekara 3 wani a cikin waya zai karɓe shi ya ba shi shawarar da muka hana shi. Wanda ya ji wannan, ya tashi ya je makarantar tun a wannan mako. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu ikon sauke amanar da ya ɗora mana.